Abin da Itace da Tsuntsu Suka Koya Mana a Adar

'Ya'yana da jikokina, wanda bai ga farin 1973 da na 1984 ba, ba zai san darajar inuwa ba. A lokacin, iska na kwashe ƙasar gona a kwarin Majiya, tana binne geron da ya tsiro, tuddan Keita kuwa sun zama fako.

Gyara ya faro ne a 1975, sa'ad da ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka soma dasa dogon yaro a yankin Buza, layi bibbiyu, tsakanin wannan jeri da wancan mita 100. Manoma da yawa sun yi gunaguni, suna cewa itace zai ci gona, ya kuma tara tsuntsaye masu cin hatsi. Da itatuwan suka tasa, iska ta karye, gero ya ƙaru, aka samu itacen girki da azara.

A 1984 aikin Keita ya zo da tallafin Italiya da FAO. Maza sun tafi cirani, mata ne suka riƙe shi. Na gan su da goyo a baya, suna ɗauko duwatsu a ka, suna jera su a gangare don ruwan sama ya tsaya ya shiga ƙasa. Ladansu abinci ne, amma miliyoyin itatuwa sun tsaya da guminsu.

Darasin da na fi riƙewa shi ne, tsuntsu ba ya yi wa ƙasa ƙarya. Inda gawo ya dawo, kurciya da hasbiya suna dawowa. Shamuwa kan taso daga kudancin Afirka gab da damina, ta yi sheƙa a kan itacen gari, ta cinye farar da ke ɓata mana amfani. In aka sare itacen, ina za ta sauka?

Kowane watan Janairu masu aikin sa kai a duniya kan ƙidaya tsuntsayen ruwa, ga tafkin Tabalak nan kusa da mu. Mu da ido da tunani kawai muka lura, ku kuwa kuna da boko da salula. Daga Madawa har Keita, ku rubuta tsuntsun da kuka gani, da ranar, da itacen da ya sauka a kai. In za ku yi sassabe, ku bar 'ya'yan itace su girma.