Wayar Babana

Ƙauyenmu yana kudancin Jihar Katsina, tsakanin Funtuwa da Bakori, kuma sana'ar gidanmu noma ce tun kaka da kakanni. Masara muka fi shukawa, sai dawa da ɗan wake. Babana yana da wata 'yar waya mai madannai, bayanta a tsage, an ɗaure shi da kyauro. Da can kunyarta nake ji in ya zo ziyara makaranta ya fito da ita gaban abokaina.

Baba ya sha ba mu labarin yadda ake ciniki kafin wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, ta kuma ɗauki shekaru kafin ta iso mu. Da kaka ta yi sai 'yan sari su zo da mota har ƙofar gida, su ce ai hatsi ya faɗi a birni. Manomi bai je birni ba, ga bashin taki, ga kuɗin makaranta, sai ya sallama. Rashin sani ya fi dare duhu. Amma da ya sayi waya, kafin ya kwance bakin buhu sai ya kira wani ɗan garinmu da ke dako a kasuwar Dawanau ta Kano, ya kuma kira Dandume. In mai saye ya yi tayin wulaƙanci, Baba ya ce, "Alhaji, albarka. Yanzun nan na ji Dawanau." Nan take za ka ga murya ta sauka.

Malaminmu na tattalin arziki ya ce ba a garinmu kaɗai ba ne. Wata malamar jami'a a Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Jamhuriyar Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta tarar zuwan waya ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Ni kam na rubuta ne kawai don jarrabawa.

Sai a watan Satumba na 2021 na gane karatun. Saboda ta'adin 'yan bindiga aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da yawa na jiharmu, har da tamu. Ba na musun dalilin, domin mu ma mun kwana a daji ba sau ɗaya ba. To amma lokacin ya zo daidai da cire masara. Yayana da ke aiki a Legas, wanda ya saba turo kuɗi mu karɓa wurin mai POS, ya zama kamar ya ɓata. Na'urar ma ta daina aiki, mai shagon ya rufe ya koma gona. Wanda ke son magana da ɗan'uwansa sai ya biya kuɗin mota ya nufi wajen Zariya, ya yi ta ɗaga waya sama a bakin titi.

'Yan sari kuwa suka dawo da tsohuwar waƙarsu. Ina tsaye Baba ya sayar da buhu 12, yana kallon ƙasa, don a biya mini kuɗin makaranta da na littattafai. Bayan mako biyu wani direba ya gaya mana abin da buhu ya kai a Kano ranar, sai Inna ta tashi ta shige ɗaki. Abin da aka rage mana ya kusa sayen takin baɗi. Akuyarta ce ta cike giɓin.

Kada a ce na mai da waya maganin kowace cuta. Ba ta sa ruwan sama, ba ta gyara hanyarmu da ke cinye taya, kuma kuɗin kati da na caji ba kaɗan ba ne a garin da babu lantarki. 'Yan damfara ma ta cikinta suke biyowa, sun taɓa wanke wani maƙwabcinmu tas.

A watan Disamba aka maido da layi. Ina gida hutu, da hantsi, sai muka ji 'yar wayar ta yi ƙara a aljihun rigar Baba da ke rataye, yara suka ɗauki ihu. Na zaci Yaya zai fara nema. Ina! Dawanau ya kira, ya tambayi kuɗin masara, alhali ko buhu ɗaya na sayarwa bai rage a rumbu ba.