Tsintsiyar Inna

Ranar Asabar ake sharar majami'armu, kuma matan Zumunta ne suka raba aikin a tsakaninsu, bi da bi. Layin Inna kan zo sau ɗaya a wata. Da yake ni ne auta, ni ke bin ta da bokiti da tsumma. Ba na so ko kaɗan. Kunya nake ji, ina ɗan sakandare mai shekara 14, a gan ni a bayan uwata riƙe da bokiti, abokaina kuwa suna fili suna ƙwallo. Nakan bar tazara a tsakaninmu don kada a ce tare muke. Ta sani sarai, amma ba ta taɓa waiwayowa ba.

Mu Hausawa ne, Zazzagawa, kuma Kirista tun daga kakanmu. Na gaji da bayyana wannan a makaranta, domin Musulmi kan ce ai ba a yin haka, Kiristocin da suka zo daga kudu kuma su yi mini kallon ɗan leƙen asiri. Kakanmu a Wusasa ya koyi karatu, inda mishan ɗin Likita Mila suka koma bayan sun bar cikin birnin Zariya. Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka fara bugawa cikakke a 1932, irinsa ne a hannun Inna, gadon mahaifinta. Da sabon juyi ya fito, Baba ya saya mata, ta yi godiya, ta ajiye shi a ƙasan akwati. Ta ce bakinta ya riga ya saba da tsohon. A ɗankwali take naɗe shi, kuma duk shafin da ka buɗa sai ka ji ƙanshin man gyaɗa.

Ƙosai take soyawa a bakin hanya, can gefen Tudun Wada. Kafin kiran assalatu ta tashi, ta durƙusa a gefen gado ta yi addu'a ƙasa-ƙasa, tana jero sunayenmu ɗaya bayan ɗaya kamar mai ƙidayar awaki, har da na maƙwabta, har da mai injin niƙa da ke cutarta a awo. Sannan ta surfa wake, ta wanke, ta aike ni niƙa. Tana buga ƙullu tana waƙa, kuma muryarta, Allah ya ji ƙanta, ba ta da daɗi ko kaɗan. Daga cinikin kowace rana takan ware sule biyu ta ƙulle a bakin zane. Na baiko ne. Ko gishiri ya ƙare a gidan, ba a kwance wannan ƙullin, a shekarun nan kuwa na tsarin SAP gishirin yakan ƙare.

Ni a lokacin na shiga ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS, kaina ya cika da manyan kalmomi. Ina son bangaskiya mai tsawa, irin ta manzanni da shahidai. Ta Inna kuwa, ta ƙosai da tsintsiya da sule biyu, na ɗauke ta addinin tsofaffin mata waɗanda ba su yi boko ba. Na taɓa gaya mata, da bakin nan nawa, cewa Allah ya fi ƙarfin a bauta masa da shara. Ta dube ni, ta ce, "To, Auta. Miƙo mini mataci." Ludayin tsame ƙosai take nufi, haka take kiransa.

Ranar Laraba 4 ga Maris, 1987, wata maƙwabciyarmu 'yar Katolika ta dawo daga coci da toka a goshi, ta tsaya sayen ƙosai. Larabar Toka ce, mu kuwa ba ma yin wannan al'adar. Na yi ta dariya a ɓoye, na ce wa yayata ta manta ta wanke fuska. Kwana goma bayan haka ni ma toka ce a goshina, da gashina, da cikin hancina, har tsakanin haƙorana.

Ranar Juma'a 6 ga wata rigima ta tashi tsakanin ɗalibai Kirista da Musulmi a Kwalejin Ilimi ta Kafancan, a kan wani wa'azi. Ta fita daga makaranta ta shiga gari, aka kashe mutane, aka ƙona masallatai da coci-coci. Mu dai a rediyo muka ji, da bakin direbobi a tasha, kowa da irin nasa ƙarin gishirin. Kafancan tana da nisa, haka Baba ya ce. Ranar Talata da dare rigimar ta iso mu.

Abin da na fara ji ba ihu ba ne, shiru ne. Karnukan unguwa suka yi tsit. Sai wata irin ƙara daga nesa, kamar kasuwa ce ta taso tana tafiya. Na hau katanga na ga sama ta yi ja a wuri uku, huɗu, daga baya na daina ƙirga. Warin taya da fetur ya cika iska. Ƙafafuna suka ƙi saukowa, sai da Baba ya fizgo ni. Ni mai neman shahada, fitsari ne ya zubo mini a wando. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba sai yau.

Malamin da ke da makarantar allo a jikin gidanmu, wanda almajiransa ke cinye ƙosan Inna na ƙarshe kyauta kowace safiya, shi ya ƙwanƙwasa ƙofar baya. Bai yi dogon bayani ba. Ya ce da Baba, "Maƙwabci, kwaso iyali." Aka sa mu a ɗakin uwargidansa, wadda muke kira Goggo, shi kuma ya shimfiɗa buzu a ƙofar zaure ya zauna da carbi har gari ya waye. Sau biyu na ji muryoyi a waje, na ji shi yana amsawa a hankali, ban ji me ya ce ba. Goggo ta ba ni wandon ɗanta ba tare da ta ce uffan ba. Kwana uku muka yi a ɗakin nan. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne asubar farko. Goggo ta tayar da salla a kan tabarma, Inna ta durƙusa a gefen gado tana jero sunayenta kamar kullum, ɗaki ɗaya, fitila ɗaya, kowacce tana rage murya don kada ta dami 'yar'uwarta.

Da ƙura ta lafa, aka sa dokar hana fita, sojoji suka cika titi. Wutar ta kai Kaduna da Funtuwa da Katsina, waɗanda duk a jihar Kaduna suke a lokacin, kuma majami'un da aka ƙona sun haura ɗari. Tamu tana ciki. Janar Babangida ya yi jawabi a rediyo, manya suka yi ta fassara shi. Baba bai saurara ba. Kafinta ne, kuma bencina ashirin da huɗu da ke cikin majami'ar shi ya yi su da hannunsa, a cikin shekara shida, da ragowar katako da yammacin Asabar. Ya je ya gani ranar Juma'a, ya dawo ya zauna a gindin darbejiya, ya ƙi cin abinci.

Ni kuwa tsoro ya juye mini ya zama fushi. Mu samari muka riƙa haɗuwa a lungu muna maganar ramuwa, muna lissafin gidajen da za mu fara da su. Na ɓoye guntun ƙarfe a ƙarƙashin katifa. Ban lura ba, ko kuma na ƙi lura, cewa wandon da ke jikina na ɗan Goggo ne.

Asabar da hantsi sai ga Inna ta fito da tsintsiya biyu da bokiti.

Na ce, "Inna, ina za ki?"

Ta ce, "Yau layina ne."

"Layin me? Ai babu majami'ar!"

"An ƙona ta ne, Auta, ba a ce an soke shara ba. Ɗauko bokitin."

Na bi ta ina huci, wannan karon kusa da ita, don tsoro. A shingen sojoji wani kofur ya tare mu, ya dubi tsintsiya, ya dubi Inna, ya tambayi inda za mu. Da ta gaya masa sai ya yi shiru, ya kauce.

Bango huɗu ne suka rage, baƙi ƙirin. Kwanon rufi ya lanƙwashe ya zubo ciki. Bencinan Baba sun zama layi-layi na toka, kowanne a inda yake, da ƙusoshi a zube, har kana iya gane inda dattawa ke zama da inda mawaƙa ke zama. Littattafan Waƙoƙi sun dunƙule sun zama gawayi, in ka taɓa sai su ruguje. Inna ta tsaya a bakin ƙofa ta cire takalmi, kamar yadda ta saba. Ta yayyafa ruwa don kada toka ta tashi. Ta fara daga gaba, wajen bagadi, ta yo baya, daidai yadda take yi kowane wata. Ta ce in tsince ƙusoshin in zuba a bokiti, Baba zai miƙe su.

Can sai na ji ta fara waƙar nan tata da muryar nan tata. Na ji kamar in kurma ihu. Me ya rage da za a yi wa waƙa? Na ɗauka ko dai ba ta fahimci abin da aka yi mana ba, ko kuwa zuciyarta ce ba ta da zafi. Shekaru da yawa suka wuce kafin na tuna cewa hannunta na rawa a kan tsintsiyar, kuma sau biyu ta juya mini baya ta daɗe tana gyara ɗankwali.

A kusurwar mawaƙa, ƙarƙashin wani kwano, ta ci karo da tulun Zumunta, wanda mata ke bugawa a baki da soso ya riƙa ba da amo mai zurfi. Ganguna sun ƙone, caki ya narke, amma tulu ko tsagewa bai yi ba. Ta ɗaga shi, ta busa tokar, ta buga da tafin hannu. Ya amsa. Sai ta fashe da dariya, dariya ta gaske har da riƙe ciki, ta ce, "Wannan ai tun a hannun maginiya ya sha wutarsa. Me za su nuna masa?"

Kafin azahar mata biyar sun iso, kowacce da tsintsiyarta, ba wanda ya aika a kira su. Hayaƙin ƙura suka hango. Goggo ba ta shigo ba, amma ta aiko almajirai biyu da tulun ruwa da ƙwaryar fura, suka ajiye a bakin ƙofa.

Washegari muka yi sujada a cikin bangon nan, ba rufi, rana tana dukan tsakar ka. Wasu a kan tabarma, wasu a kan bulo. Ba mu kai rabin yadda muka saba ba, domin da yawa suna barikin soja, wasu sun hau mota sun tafi garuruwansu, kuma akwai waɗanda ba su sake dawowa ba. Ban tuna wa'azin Fasto ba, ko kalma ɗaya. Na dai tuna da aka zo baiko babu faranti, sai Uwar Zumunta ta miƙa murfin kwanonta. Na ga Inna ta kwance bakin zane. Kwana huɗu ba ta kafa kasko ba, amma sule biyun ranar Litinin da na Talata suna nan. Mata suka tashi da tulu ɗaya da tafi, suna rawa, ƙafafunsu na tayar da ragowar toka, zanen ankonsu duk ya yi fari-fari. Baba yana daga baya a tsaye, bai yi waƙa ba. Da aka tashi sai na gan shi yana auna faɗin majami'ar da taku.

Ƙarfen nan ya yi wata biyu a ƙarƙashin katifata. Ba zan ce wani abu ya sauko mini daga sama ba. Aiki ne ya yi yawa. Kullum bayan makaranta ina miƙe ƙusoshi a kan dutse da guduma, Baba yana fera katako, har ranar da ya rasa abin da zai tokare ƙofar shago, na shiga ɗaki na ɗauko masa. Bai tambaye ni inda na samo shi ba.

Inna ta rasu a 2009. Da muke kwashe kayanta, yayata ta ɗauki tsohon Littafin, ni kuma na kwance bakin zanen da ta kwanta asibiti da shi, na sami naira hamsin a nannaɗe. Na sa a baiko ranar Lahadi. A majami'ar da nake zuwa yanzu a Kaduna akwai fanka da tayil, an kuma ɗauki ma'aikacin shara ana biyansa. Duk da haka, Asabar ta biyu a kowane wata nakan je da sassafe in karɓi tsintsiya ɗaya a hannunsa. Da farko ya zaci aikinsa nake so in ƙwace. Yanzu ya saba, yakan bar mini wajen bagadi. Ɗana na biye da ni da bokiti, can baya, ya bar tazara.