Wa Zai Koya Wa 'Ya'yanmu Zane Da Waƙa?

Abin da ya sa na ɗauki biro yau shi ne, 'yata 'yar aji huɗu ce ta dawo daga makaranta tana kuka, wai malami ya zane ta don ya kama ta tana zana fulawa a bayan littafin lissafi. Na karɓi littafin da niyyar in ƙara mata, sai jikina ya yi sanyi. Wallahi fulawar nan ta fi wadda mai lalle ta yi min ranar sunan ƙaninta kyau.

Da na duba jadawalinsu, ashe kowace Laraba akwai darasin al'adu da fasaha. Na ce me kuke yi a lokacin? Ta ce, "Umma, shara, ko a ce mu kifa kai a benci mu yi shiru." Ƙarshen zango kuma kowa ya kawo kuɗin aikin hannu a ba shi maki. Mu a zamaninmu sai kin saƙa faifai ko mafici da hannunki, ko da karkatacce ne.

Ranar taron iyaye da malamai na daure na ta da maganar, ni da ba na son magana cikin maza. Kai, ashe allura na tono, garma ta fito! Wani dattijo ya miƙe ya ce shi bai kawo jikansa boko don ya zama maroƙi ba. Hedimasta ya ce, "Hajiya, ba mu da malamin wannan fanni ko ɗaya, kuma yara sun cika aji har ƙasa." Wani kuma ya ce a yanka wa kowane uba kuɗin fenti da kwali.

Wannan na ƙarshe ban yarda da shi ba. Dokar UBE ta 2004 ta ce karatun farko kyauta ne kuma dole. In aka yanka kuɗi, 'yar mai ƙosai ce za ta koma shara, 'yar mai hali ta yi zane.

Shi kuwa dattijon, na fahimci tsoronsa, don ni ma ba kowace waƙar waya nake son jin ta a bakin 'yata ba. Amma na ce masa, "Baba, a gafarce ni, ai waƙa ba kalangu kaɗai ba ce." Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta karantar da matan ƙauyuka ta hannun jajinta. Waƙar Imfiraji ta Aliyu Namangi wa ya taɓa kiran ta shashanci? Kuma ki lura, abin da yaro ya rera a Islamiyya ba ya manta shi.

Batun kayan aiki ma, dole ne sai fentin kanti? Ga yumɓu, ga kaba, ga zare, ga gawayi. A unguwarmu akwai mai ginin tukwane, akwai masu ɗinkin hula, akwai tsohuwar da ta san waƙoƙin gaɗa da ko ni na manta. Ladi Kwali da hotonta ke bayan naira 20, a wurin gwaggonta ta koyi ginin tukunya. A riƙa gayyato irin waɗannan ranar Laraba, malamin aji yana tsaye, amma hukumar ilimi ta biya su haƙƙinsu. Aikin da aka bari a kan "Allah ya ba da lada" sati uku yake yi ya mutu.

Taro ya watse ba a tsai da komai ba, hedimasta dai ya ce zai rubuta wa ofis. Ni kuwa na cire daga kuɗin adashena na saya mata littafin zane da fensir mai kala, na ce ta bar na lissafi ya huta. Larabar da ta wuce na tambaye ta me suka yi, ta ce bayan ajin 'yan aji shida suka share.