Ranar haihuwa a Yola, lokacin kaka

Idan ranar haihuwarka ta faɗo a Nuwamba, bar kek ɗin Jimeta tukuna, ka shiga cikin Yola wajen kakarka. Yanzu Binuwai ya janye, yashi ya fito ƙarƙashin gada, hazo ya fara sauka. A shafa wa yara man kaɗanya kafin a fita.

A garin nan da Modibbo Adama ya kafa a 1841, tsofaffi da yawa ba sa lissafi da kwanan wata. Za ta ce an haife ka ana yankan dawa, ta lissafo mahalarta sunanka, har da waɗanda suka rasu. Tambaye ta ciwon da ya ɗauke su, hawan jini ne ko suga, domin likitanka zai so sani. Ka riƙa mata goro.