Dare a Gangara ta Damargu

Gangara biyu ce a ƙasarmu. Akwai ta jihar Maraɗi, akwai ta Damargu cikin jihar Damagaram. Yau zancen ta Damargu ne. Tana cikin gundumar Tanut, kudu maso yamma da garin Tanut. Yamma da ita akwai Belbeji, wadda aka cire daga Tanut ta zama gunduma a 2011. Ƙasar rairayi ce da hatsi. Hausawa da Dagirawa suna noma, Buzaye da Fulani suna kiwo. A da, ayarin Agadas da na Kano nan Damargu suke awon gero.

Wanda ya taso daga Damagaram da la'asar zai bi hanyar Agadas. Bayan kilomita kamar 50, wajen Bakin Birji, zai ga matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe a watan Nuwamba na 2011. In dare ya yi, fitilunta sukan haska sama, ana hango su daga nesa. Da ya wuce ta, sai duhu. In ya bar kwalta ya nufi ƙauyukan Gangara, ba abin da zai gani sai fitilar mai shayi, da wutar mai tsire, da tocila tana yawo tsakanin rumbuna.

Wannan duhu ba na Gangara kaɗai ba ne. An kafa NIGELEC tun 1968, amma har yanzu cikin mutum 5 na Nijar kusan 1 ne ke da lantarki, kuma yawancinsu a birni suke. Saboda haka aka kafa ANPER a 2013, don ta kai wuta karkara. Garuruwa da yawa sun fara samun fitilun titi masu aiki da hasken rana. Faranti ne a kan turke, yana shan rana, yana tara ƙarfi cikin batir, da dare ya kunna ƙwai.

Mutanen karkara sun san abin da duhu ke ja musu. Kububuwa ba ta gudu, kwanciya take yi cikin rairayi, launinta ɗaya da shi. Kunama na fita da dare lokacin bazara. Rijiyoyin Damargu suna da zurfi ƙwarai, wadda ba ta da baki haɗari ce ga yaro da dabba. Ga mace mai naƙuda da za a ɗauka a amalanke zuwa gidan likita tsakar dare. Duk wanda ya taɓa yin wannan tafiya ba ya raina fitila.

Amma haske ma yana da nasa aibi, kuma shi ne ba a cika faɗa ba. Idon ɗan Adam yana sabawa da duhu cikin minti 20 zuwa 30. Makiyayi ya san haka, shi ya sa yake gane saniyarsa ba da fitila ba. Fitila mai ƙarfi in ta doki ido, nan take wannan sabo ya tafi. Mutum ya bar gindinta, ya shiga lungu, sai ya zama makaho na ɗan lokaci. Ke nan fitila ɗaya mai tsananin haske ba ta kai uku masu matsakaicin haske ba, in an jera su yadda ba a bar rami na duhu tsakaninsu ba. Ɓarawo ma a bayan fitila yake laɓewa, yana ganin kowa, ba mai ganinsa.

Sai ƙwari. Ƙarshen damina hangara na bin haske. In aka murje ta a jiki, fata ta yi bororo kamar ƙuna. Shi ya sa bai kamata a kafa fitila daidai kan inda yara ke shimfiɗa tabarma ba. A ɗan janye ta gefe.

A manyan biranen duniya abin ya wuce nan. Masana sun fitar da taswirar hasken dare a 2016. Sun ce mutum 1 cikin 3 a duniya ba ya iya ganin farar hanyar taurari da ke ratsa sama, don fitilu sun dushe ta. Sun ce Cadi, maƙwabciyarmu, tana cikin ƙasashen da samansu ya fi tsabta. A Faransa, tun 2013 doka ta ce a kashe fitilun kantuna da ƙarfe 1 na dare. Su kuɗi suke kashewa su dawo da abin da Gangara take da shi kyauta.

Kuma ba ado ba ne kawai. Tsofaffin manoma suna duba Kaza da Ƴaƴanta su san inda shekara ta kai. Gamzaki na tayar da mai sammako. Buzaye suna kiran Kaza Shat Ahad, wato ƴan matan dare. Akwai waɗanda suke kira Amanar, ma'ana jagora, akwai Talamt, wato taguwa, a arewa. Da su madugu yake kai ayari Bilma ɗaukar gishiri. Yaron da ya tashi gindin fitila mai harba haske sama ba zai koyi wannan karatu ba.

To, ranar da magajin gari da hakimai za su zauna rabon fitilu, ga abin dubawa. Gidan likita ne farko, sai bakin rijiya ko famfo, sai tasha da kasuwa. Kowace fitila ta sami hula, haskenta ya zuba ƙasa inda ƙafa take takawa. Mai ɗan ja-ja ta fi fara ƙal sauƙi ga ido, ba ta kuma tara ƙwari sosai. A sa mutum guda, a biya shi, ya riƙa goge faranti da tsumma. Ƙurar hunturu in ta rufe shi, batir ba ya cika, fitila ta mutu tun kafin tsakar dare, mutane su ce ta lalace alhali ƙura ce.

Kafin fitilu su iso, mai fita da dare ya sa takalmi, ya riƙe sanda. Ya haska tocila ƙasa gabansa, kada ya haska fuskar mutane. In maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa. A kwantar da shi a ɗauke shi zuwa likita maza. Wanda tafiya ta kai shi kwaltar Tanut ya bi gefen hagu, yana fuskantar motocin da ke zuwa, ya yafa farin zane ko rawani. Mai amalanke ya rataya fitila a baya, don direban babbar mota ba ya ganin jaki sai ya zo kansa.