Ciyawa mai harbi a gonar murjani

Mu a nan murjani abin wuya ne. Kakata tana da tsakiya uku ja wur da take ɓoyewa a ƙasan kwalla, kuma ban taɓa jin wani a gidanmu ya kira shi dabba ba. Amma dabba ne: ƴan mitsi-mitsin halittun teku da ke gina wa kansu ƙashi. Jan da ake hudawa a yi tsakiya, a Bahar Rum aka fi saninsa. A Turai da Amurka kuwa akwai masu kiwon danginsa na ruwan ɗumi a falo, cikin akwatin gilashi. Ƙanena da ke aikin jinya a Marsel ta Faransa yana cikinsu, kuma a babban hutun bara sati uku na yi a gidansa, ni ke gadin akwatin idan ya tafi aikin dare.

Kiwon akwai ɗawainiya. Ruwan sai an zuba masa gishiri kamar giram 35 a kowace lita, ɗuminsa ya tsaya wajen digiri 25, ga fitila mai ƙarfi, domin a cikin naman murjanin akwai wata gansakuka ƙarama da ke haɗa masa abinci da haske. Reshen da ya saya kamar ɗan yatsa, shekara uku yana lallaɓa shi kafin ya cika tafin hannu biyu. Shi ne na tarar gefensa ɗaya ya fara fari, naman ya janye, ƙashi ya fito.

Mai laifin sunanta Aiptasia. Launinta ƙasa-ƙasa ne, haske na ratsa ta, tana tsaye a kan dutse kamar ɗan dabino, da hannuwa sirara masu harbi. Duk murjanin da ya yi maƙwabtaka da ita sai ya sha harbi har ya tsuke. Ɗan manomi in ya gan ta, hannunsa zai yi ƙaiƙayin tugewa, kuma nan tarkon yake. In aka kankare ta, kowane ɓarɓashin da ya rage yana iya zama sabuwa, kamar aya-aya da aka sare da hauya aka bar ƴaƴanta a ƙasa. Tun ranar farko ƙanena ya ce mini: "Yaya, ko ta yi maka gwalo, ƙyale ta."

Aikina shi ne allura. A kashe injin da ke juya ruwa, a cika sirinji da wani farin kunu na kalsiyom, a kai shi bakinta a hankali, don da ta ji motsi sai ta shige rami. Waɗanda ido ke gani suna mutuwa. Na bayan dutse kuwa suna can suna hayayyafa, bayan kwana kaɗan sai ka ƙirga ka ga ba ka rage komai ba.

Sai aka koma neman mai cin ta. Akwai wani jatan lande da ake yabo, amma ba shi da alkawari: in ya samu abincin kifi sai ya manta da aikin da aka sayo shi dominsa, wani ma murjanin yake tsakura. Abin da ƙanena ya zaɓa wata ƴar katantanwa ce marar kwanso, Berghia, wadda tsawonta bai fi gaɓar yatsa ba. Ba ta cin komai a duniya sai Aiptasia. Da dare take fitowa, kuma aikinta na watanni ne, sai ta yi ƙwai ta yawaita kafin a ga bambanci. Wannan bai zame mini baƙo ba. A ƙauyukan Maradi masu binciken INRAN sun daɗe suna raba ƴan buhuna masu ɗauke da wani ƙaramin zanzaro, Habrobracon, a rataya a gona ya kashe tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi. Manomin da ya saba da feshi yakan tsaya yana kallon buhun, yana jin kamar ba a yi masa komai ba. Haka ƙanena yake tsayawa gaban gilashi da tocila ƙarfe biyun dare.

Inda muka yi gardama da shi a kan ƙofar shigowa ne. Ɓarnar nan a gindin wani reshe ta shigo, kyautar abokinsa, wanda ya saka kai tsaye ranar da ya karɓa. Ko akuya aka sayo a kasuwa, mai hankali yakan ɗaure ta gefe kwana biyu kafin ta shiga garke. Ya ce ai yana tsoma sabon murjani a ruwan magani. Tsomawar tana kakkaɓe tsutsotsi masu faɗi da ke cin murjani, amma ba ta kashe ƙwansu, shi ya sa masu kiwo ke yanke tsohon gindin, su ajiye baƙon a wani akwati daban na makonni suna maimaita wankan. Ya ce gidan haya ne mai ɗaki biyu, ina zai sa akwati na biyu? Na nuna masa saman firji. Matarsa ta ce ba a kicin ɗinta ba.

Wata huɗu bayan na dawo ya aiko mini hoto ta WhatsApp, naman ya sake rufe farin gefen. Matsalarsa yanzu Berghia ce: ta cinye abincinta kaf, yunwa za ta kashe ta. Yana tsince su ɗaya-ɗaya cikin kwalba zai kai wa abokin nan da ya ba shi reshen, don akwatinsa har yanzu cike yake.