A ba alƙali ma'auni kafin ya ce rataya

Jama'a, duk ranar da aka yanke wa wani hukuncin kisa, sai in ga mun rabu biyu a nan Facebook: masu cewa a rataye shi yau-yau, da masu cewa a soke hukuncin kisa gaba ɗaya. Ni abin da ke damuna daban ne. A Najeriya, in kotu ta tabbatar da laifin kisan kai da gangan a ƙarƙashin sashe na 221 na kundin Penal Code, alƙali ba shi da zaɓi. Kisa ne kawai. Lauya zai miƙe ya roƙi sassauci, alƙali ya saurara, amma doka ta riga ta ɗaure masa hannu.

Ku dubi shari'u biyu. Abdulmalik Tanko ya sace Hanifa, yarinya 'yar shekara 5, ɗalibarsa a makarantarsa a Kano. Ya nemi kuɗin fansa, ya ba ta gubar ɓera, aka binne ta a harabar makaranta. A Yulin 2022 kotu ta ce a rataye shi. Shiri, cin amana, kwaɗayin kuɗi, ƙaramar yarinya: duk abin da ke ƙara wa laifi nauyi yana nan. Wallahi ban ji tausayinsa ba, har yau kuma ba na ji.

Sai Sunday Jackson na Adamawa. Wani makiyayi ya far masa da wuƙa a gonarsa, ya ji masa rauni, shi kuma ya ƙwace wuƙar ya caka masa, mutumin ya mutu. Kotu ta ce tunda ya karɓe makamin, kamata ya yi ya gudu. Aka yanke masa kisa a 2021, Kotun Ƙoli ta tabbatar a Maris 2025. Shi ma wanda ya mutu ɗan wani ne, jininsa ba na banza ba ne. Amma ku gaya mini tsakani da Allah, wanda ya kwana yana shirya kashe yarinya da wanda ya kashe a tsakiyar faɗan da ba shi ya tayar ba, hukuncinsu ɗaya ne?

Wasu ƙasashe sun daɗe da gyara wannan ba tare da sun soke hukuncin kisa ba. A Amurka tun 1976 Kotun Ƙoli ta hana hukuncin kisa na dole a kan kisan kai. A Indiya, a 1980, aka ce sai an auna abin da ke ƙara nauyi da abin da ke ragewa, kuma ba a kisa sai a laifi mafi muni. Yuganda ta bi sahu a 2009, Kenya a 2017. Ana duba shekarun mutum, lafiyar hankalinsa, ko an tsokane shi, ko ya taɓa aikatawa.

Mu ma ai ba baƙon abu ba ne. A fiƙihu an bambanta kisan ganganci da na kuskure, dangin mamaci na iya yafewa ko su karɓi diyya, sannan Malikiyya ba su yarda da afuwa ba ga wanda ya yaudari mutum ya kashe shi don dukiyarsa. Awo kenan.

Na san za a ce in aka ba alƙali zaɓi, mai kuɗi zai saye. Tsoron gaskiya ne. To amma yanzu zaɓin yana hannun wa? Gwamna, ta sashe na 212 na tsarin mulki, wanda ba dole ya faɗi dalilinsa ba. Gwamnoni kuma ba sa sa hannu, shi ya sa mutum sama da 3,000 ke zaune a gidajen yari suna jiran igiya. Na fi yarda da alƙalin da zai rubuta hujjarsa a fili, a iya ɗaukaka ƙara a kanta.

'Yan majalisarmu na jihohi su ne da ikon gyara sashen nan. In kun haɗu da naku, ku tambaye shi ko ya taɓa karanta shi.

Allah Ya jiƙan Hanifa, Ya kare mu daga zalunci da zaluntar wani.